Minti Uku da Zakaran Duniya

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna cin shinkafa a ɗakinmu na unguwar Najma a nan Doha bayan mun sauko daga masallaci, wasu daga cikinku suka ce in nema musu aiki a wurinmu. Wai sun gaji da tsayuwa a rana a bakin geti, gara su zo su riƙa ɗaga hannu cikin sanyin iyakwandishan kamar yadda ni Baba Garba nake yi. Ban amsa ba a lokacin saboda akwai baƙi. Yanzu ku saurara in gaya muku yadda ɗaga hannun yake, daga nan wanda yake so sai ya zo.

Ina aiki a ɗakin motsa jiki na wani otal a unguwar West Bay, a ɓangaren damben Turawa. Jakata ba ta da girma. Akwai bandeji na naɗe hannu guda ashirin, da filasta, da almakashi mai dakusasshen baki don kada ya yanki fata, da basilin, da ƙaramin tawul. Sai fad guda biyu, wato 'yan matasan fatar nan da ake zura wa hannu a ɗaga wa mai koyo ya nausa. Shekara goma sha ɗaya da waɗannan kayan nake ci.

Ni ɗan mahauta ne daga Gusau, kuma na yi damben gargajiya tun ina saurayi. Da hagu nake duka, har yau ga sawun igiya a bayan hannuna. Amma da na zo Doha ba dambe ya kawo ni ba, shara da goge-goge kamfani ya ɗauko ni yi. Wata takwas ina goge madubi da ƙarafan ɗakin motsa jikin, ina satar kallon wani tsoho da ke koyar da dambe a can kusurwa. Sunansa Baba Issaka, mutumin Zangon Kumasi. Wata rana da hantsi, babu kowa, na ajiye tsumma na kai wa buhun naushi duka ɗaya. Ashe yana bayana. Ya ce da ni cikin Hausarsu ta Zango wannan hannu ya san aiki, amma ƙafata ƙafar mai shara ce. Ya tambaye ni ko ina son koyo. Shi ya je wurin manaja, shi ya yi ta zirga-zirga har kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya yarda aka canza mini takardar aiki.

Aikin farko da ya ba ni shi ne wanke bandeji. Wata shida ban taɓa fad ba. In wanke, in shanya, in nannaɗe, idan ya ga gefe ɗaya ya karkace ya warware ya jefo mini. Daga baya ya fara miƙo mini hannunsa in naɗe. A damben gida muna naɗe hannu ne don ya yi tauri ya ji wa abokin karawa ciwo. A nan kuwa ana naɗewa ne don mai hannun kada ya ji wa kansa. Akwai ƙananan ƙasusuwa a bayan hannu, idan ba ka tattara su wuri ɗaya ba, naushi guda zai raba su. Ka fara daga babban yatsa, ka zagaye wuyan hannu, ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ka matse da yawa, kafin minti biyar yatsun mutum sun mutu. Idan ka sassauta, wuyan hannu ya lanƙwashe. Kuma babu hannu biyu da suke iri ɗaya. Baba Issaka yakan sa in rufe ido in shafa hannun mutum, in faɗa masa inda ya taɓa karyewa kafin mai hannun ya yi magana.

Ranar da na fara riƙe fad, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ce ta fasa mini hanci. Mace ce da ba ta kai kafaɗata ba. Na ɗaga mata fad ɗin kusa da fuskata, na saki hannu, ta kawo dama, fad ɗin ya dawo ya same ni. Baba Issaka bai ko taso ba. Da na gama tsayar da jinin sai ya ce to yanzu na san fad ba allo ba ne da ake ɗagawa a jira. Naushi tarbarsa ake yi. Yana tahowa kai ma ka tura hannunka kaɗan, kamar faɗin yatsa uku, ku haɗu a hanya. Idan ka yi latti ƙarfin ya shige kafaɗarka. Idan ka yi gaggawa ka ƙage masa gwiwar hannu. Idan kuma kuka haɗu daidai, sai ka ji ƙara kamar an fasa gora, mai dukan ya ji daɗi har cikin ransa, ko da dukan nasa bai kai ya kashe ƙuda ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne rabin sana'ar. A lokacin, a rana nakan tarbi naushi daga mutum takwas ko tara, kowa da saurinsa, kowa da fushin da ya kwaso daga ofis.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai samarin 'yan ƙasa da suke son su iya komai cikin mako ɗaya, su ce yalla yalla, wato yi sauri, tun ba ka gama ɗaure musu safar dambe ba. Akwai matan Turawa masu son rage ƙiba, su ne suka fi kowa bin umarni. Akwai wani ma'aikacin banki da ya yi shekara biyu yana zuwa wurina sau uku a mako, bai taɓa tambayar sunana ba. Idan ya shigo sai ya ƙyasta yatsa ya ce, “Afirka, zo.” Kuma yana da wata ɗabi'a, yakan yi kamar ya kuskure fad ya ɗirka mini a ƙirji, sannan ya yi dariya. Wata rana na ji hagun nan tawa ta dunƙule da kanta a cikin fad. Baba Issaka ya hango, ya kira hutu, ya ja ni ɗakin ajiye kaya. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe lokarsa kawai ya nuna mini hoton da ya manna a jikin murfin, ya ce in dubi mutumin nan da kyau, in tuna sau nawa aka zage shi a gaban duniya bai taɓa dukan kowa a wajen fage ba.

Na san hoton tun kafin ya nuna mini. Zakaran duniya ne na masu nauyi, baƙar fata wuluk kamar mu. Sunansa ba za ku ji daga bakina ba, za ku gane dalili nan gaba. Ina saurayi na fara ganinsa a gidan bidiyo a Gusau, da rana tsaka, mun cika rumfa har wasu suna leƙe ta ramin zana. Ya je har garin abokin karawarsa, filin ya cika da fararen fata suna yi masa ihu, suna kukan biri idan ya juyo. Bai kalle su ba. Ya kai mutumin nasu ƙasa, sannan ya sunkuya ya ɗaga shi da hannunsa. A ranar mahautan kasuwarmu sun kasa aiki don musu da murna. Mahaifina, wanda bai taɓa yarda damben safa dambe ba ne, sai da ya sa aka sake juya kaset ɗin.

A nan Doha na ƙara gane abin da mutumin yake nufi. Kun san yadda ake kallonmu a wasu wuraren. Ka shiga lif da tufafin aiki a matsa gefe. Amma ka ambaci sunan zakaran nan a gaban Balarabe ko Ba'indiye ko Bature, sai ka ga fuska ta canza, kowa ya san shi, kowa ya yarda babu kamarsa a zamaninsa. Ɗan Kenya da ɗan Uganda da ɗan Sudan da mu, ba ma jin yaren juna, abincinmu ma ba ɗaya ba, amma a kansa ba mu taɓa saɓani ba. Namu ne.

Shekarar korona ita ce mugunyar shekara. Aka rufe ɗakin motsa jiki, otal ɗin ya koma wurin killace matafiya. Baba Issaka shekarunsa sun ja, aka ce ba za a sabunta masa takarda ba, ya tattara ya koma Kumasi. Ya bar mini fad ɗinsa da hoton nan. Ni kuma aka mai da ni ɗaukar katifu daga bene zuwa bene ana fesa musu magani. A nan wata katifa ta zame a matakala na tare ta da hannun dama, na ji wani abu ya ɗaure a kafaɗata. Ban faɗa wa kowa ba, domin a lokacin duk wanda ya ce ba shi da lafiya tikitin gida ake ba shi. Da aka sake buɗewa na koma riƙe fad da kafaɗar a haka, ina shafa mata man zafi da safe, ina ɗora ƙanƙara a lokacin hutu. Aka kawo wani matashin Bature ya zama babban koci a madadin Baba Issaka. Ba mugu ba ne, kuma yana da takardu, sai dai yana riƙe fad ne don a ga saurinsa shi.

Bayan kamar shekara biyu da wannan, wata Lahadi manaja ya tara mu ya ce zakaran nan zai sauka a otal ɗinmu, an gayyato shi wani taro. Ranar Talata da la'asar zai shigo ɗakin motsa jiki ya buga fad zagaye ɗaya, minti uku, a ɗauki hoto don tallar otal. Babban koci ne zai riƙe masa. Ni aikina in naɗe masa hannu a ɗakin baya in ɓace. Kafin azahar labari ya gama kicin da ɗakin wanki da bakin geti. Wani mai gadi ɗan Zariya da ake kira Nasiru, wanda muke sallah tare, ya tare ni har sau uku yana tambaya ko gaskiya ne. Ya ce ya riga ya yi musayar hutunsa da wani ɗan Nefal.

Ranar Talata ya shigo ɗakin baya shi da 'yarsa, mace babba mai kula da harkokinsa. Ya fi yadda nake zato tsawo, sai dai ya ranƙwafa, gashi duk ya yi fari. Ya zauna ya miƙo mini hannun dama. Ina kamawa na san abin da mutanen waje ba su sani ba. Hannun rawa yake yi, wata 'yar rawa da ba ta tsayawa. Ƙasusuwan baya sun karye sun haɗe a karkace wuri uku. Yatsu biyu ba sa rufuwa. Na hagun ya fi muni. Ban ɗaga kai ba. Na yanka soso na shimfiɗa a kan gaɓoɓin, na ninka filasta a wuyan hannu yadda zai rage rawar, na bi a hankali.

Shi kuwa hannuna yake kallo. Ya tambaye ni mene ne wannan sawu a bayan haguna. Da ɗan Turancina na ba shi labarin damben gida, yadda ake naɗe hannu ɗaya da igiya, ɗayan a bar shi a buɗe don kariya, ga makaɗa suna kiran sunanka da na kakanka. Ya sa na maimaita kalmar dambe har sau biyu, ya gwada faɗa. Ya dunƙule hannun da na gama, ya jujjuya shi, ya ce rabon da a yi masa naɗi irin wannan tun mai naɗe masa yana da rai.

Sai 'yar ta sunkuyo ta ce masa ba dole ba ne ya yi. Ya tsaya kawai a ɗauki hoto da safa a hannu, ya wadatar. Ta ce yau rawar ta yi yawa, kuma ga kyamarori. Sai ya miƙe ya leƙa ta gilashin ƙofa. Daga nan ana hango babban ɗakin, manyan baƙi a kan kujeru, sannan can baya, wajen ƙofar gilashi ta ma'aikata, mutanenmu ne sun yi cincirindo. Masu gadi, masu shara, masu wanke kwanuka da hulunansu na kicin, sun kai talatin, ba a bar su sun shigo ba. Nasiru yana gaba ya manna goshi a gilashi. Zakaran ya daɗe yana kallonsu. Ya juyo ya tambaye ni ko ina riƙe fad. Na ce ina riƙewa.

“To kai za ka riƙe mini,” in ji shi.

Manaja ya so ya yi gardama, ya ce an riga an tsara, kuma rigar da ke jikina ba ta hoto ba ce. Zakaran ya ce ko ni ko a fasa. Manaja ya ce khalas, wato shi ke nan, ya koma gefe.

Naushin farko da ya kawo, na hagu, na gan shi tun daga kafaɗa yana tahowa kamar mai miƙa kofi. Da babban koci ne a wurin, da ya riga ya janye fad ɗin ya kira na gaba, a bar tsoho yana dukan iska a gaban duniya. Na jira shi. Da ya iso na tarbe shi da ƙarfi, fad ɗin Baba Issaka ya yi ƙara har bango ya amsa. Na ji ihu daga bayan gilashi. Daga nan na san abin da zan yi. Ban kira masa fiye da biyu a jere ba. Na matso kusa yadda ba sai ya miƙe hannu sosai ba. Na riƙa zagayawa a hankali har na juya shi, hagun mai rawa ta koma ɓangaren bango, jikina ya tare ta daga kyamara. Idan na ga numfashinsa ya yi sama, sai in kai masa fad ta saman kai a hankali ya sunkuya, ya samu hutu, mutane kuma su ga kamar gocewa ya yi. Duk dukan da ya sauka sai in ja da baya taku ɗaya kamar an ture ni. Rabin ƙarar da aka ji a ɗakin nan daga kafaɗata ta fito, kuma kowace tarba sai na ji ta kamar ana soka mini allura.

Ya gane tun a minti na farko. Na gani a idonsa. Ya bi ni, muka riƙa tafiya tare kamar mun shekara muna yi.

Da aka buga alamar saura daƙiƙa goma, masu bayan gilashi suka fara kiran sunansa da baki ɗaya, suna dukan ƙofa da tafin hannu. Sai na ga ƙafarsa ta baya ta kafu, ƙugunsa ya juya. Wannan ban gan shi yana tahowa ba. Dama ce, miƙaƙƙiya, irin wadda na gani a rumfar bidiyo. Ban samu tarbarta ba, ita ta same ni. Fad ɗin ya fice daga hannuna ya faɗi can kusa da kujerun baƙi, ni kuma na zauna a kan igiyar fage ba da niyya ba. Na ji abin da ya ɗaure a kafaɗata tun shekarar korona ya tsinke.

Ya zo ya ɗaga ni, ya rungume ni yana haki, ya sa baki a kunnena.

“Na ga abin da ka yi, ɗan'uwa. Na gode. Amma na ƙarshen nan nawa ne.”

Na ce, “Na ji shi, ranka ya daɗe.” Da Hausa na faɗa, Turancin ya gudu. Ya yi dariya kamar ya fahimta.

Sannan ya nuna ƙofar gilashi ya ce a buɗe. Manaja ya duba manyan baƙi, ya duba agogo, ya sa aka buɗe. Zakaran ya gaisa da ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya da safa a hannu, yana tambayar kowa ƙasarsa. Wata mai shara 'yar Uganda ta matso, ya dafa mata kai. Baƙin da aka shirya abin dominsu sai da suka jira kusan rabin sa'a. Ni na koma ɗakin baya na kwance masa bandeji da hannu ɗaya, 'yarsa tana taya ni, da za su fita ta riƙe hannuna da nata biyu.

Likita ya ce jijiya ce ta yage, sai an yi aiki. An yi, otal ya ɗauki nauyi tunda a gaban kowa abin ya faru, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Tun daga lokacin ban sake riƙe fad ba. Naɗin hannu nake yi, ina kuma tsayawa a bayan sababbin ma'aikata ina gyara musu tarba. Abin da na gani a ɗakin baya kuwa, ko a lokacin ban faɗa wa kowa a otal ɗin ba.

Ranar da na dawo aiki da hannu a rataye a wuya, Nasiru ne a geti. Ya bar wurinsa ya taho da sauri. Ya ce musu ya ɓarke a ɗakinsu, wani ɗan Masar da ke aiki a kicin yana ta yaɗa cewa tsohon ya ƙare, wai duk wasa aka shirya, ni ne nake faɗuwa da gangan. Ya ce sun kusa dambacewa. Ya kama rigata ya ce, “Baba Garba, don Allah gaya mini gaskiya, kai ka ji hannunsa. Har yanzu yana da ƙarfi?”

Na dube shi. Yaro ne da ke tsayuwa sa'a goma sha biyu yana buɗe wa mutane ƙofa ba mai ce masa sannu. Na kwance maɓallin rigata, na janye ta daga kafaɗa, na nuna masa ɗinkin, tun daga nan har nan.

Na ce, “Naushi ɗaya ne ya yi wannan.”

Ya tsaya yana kallon ɗinkin. Sannan ya gyara hularsa, ya miƙe tsaye sosai, ya ce in taimaka in jira a nan kada in rufe kafaɗar, zai je kicin ya kira ɗan Masar ɗin.